Abin da Tsintsiya ta Sani

Kafin ladanin Bilbis ya gyara murya
ina nan, ni da tsintsiyar kaba,
mayafi ɗaure a ƙugu.
Shekara goma sha ɗaya ina sharar filin nan,
wani wata a biya ni, wani wata a ba ni haƙuri.

Ban shiga lakkwal ba. Ƙasa nake karantawa.

Nan gindin dogon yaro, toka da ganyen shayi:
'yan fada sun kai ƙarfe biyun dare,
sun sauke gwamnati, sun naɗa wata,
sun watse ba wanda ya biya Agali kuɗin sukari.
Can ƙarƙashin fitilar titi
an cika siminti da alli, lamba bisa lamba.
'Yar Tsayabu ce. Kuran ya ɗauke a gidansu,
ta kwaso jarrabawarta ta kawo tsakar gari.
Ba na yayyafa ruwa a wurin.

Ramukan dara talatin na su Abarshi,
su ma tsallake su nake yi.
Ran da na shafe su bisa kuskure
tsoho ya kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Ɓawon gyaɗa. Ƙayar kifi. Katin waya da aka kankare.
Takalmin yaro, ƙafar hagu;
na rataye shi a reshe, uwar tana tafe da faɗa.
Sawun kujeru in an yi suna,
sawun tabarmi in an yi rashi,
tanti ɗaya ne, mai haya ba ya tambaya.

A nan Hamidin ya aje jakarsa
yana jiran mai kai shi tashar Abijan.
Ya ce, Inna, damina biyu kawai.
An yi shida.
In na kawo daidai wurin hannuna kan mutu,
sai in ce yashin nan ne ya cika nauyi.

Da hantsi fili ya sake masu shi:
Gwamma da kaskon masa,
'yan kabu-kabu kwance bisa babura kamar ƙadangaru,
mai gyaran waya da laimarsa mai ƙafa ɗaya,
akuyar da ba wanda ya san gidansu.
Wanda ɗakin haya ya matse,
wanda kwano ya gasa,
wanda ba ya son a ga bai ɗora tukunya ba,
duk nan ne zaurensu,
ba sallama, ba mai gida.

Ran Talata na tarar da baƙi:
duwatsun siminti shida, an shafa musu jan fenti a ka.
Wasu suka ce shaguna za a yi,
wasu suka ce gidan mai,
wasu suka ce takarda daga Yamai ta zo da hatiminta.
'Yan fada suka rubuta wasiƙa,
'yar Tsayabu ta gyara musu Faransanci.
Abarshi ya ce shi kam sai a yi ginin da shi ciki.

Ni ba a tambaye ni ba. Wa ke tambayar tsintsiya?
Da an tambaya da na ce
a zo da asuba, a sunkuya,
a ƙirga ƙafafun da suka sa hannu a nan
tun ba a ƙera hatimi ba.

Jiya da la'asar yara suka auna da taku,
suka ga biyu cikin duwatsun
tazararsu daidai da bakin raga.
Har magariba ana ihu.

Yau ga shi tsakaninsu, kwance a yashi:
kafaɗar mai tsaron gida, gwiwarsa,
da yatsu biyar a miƙe
inda ƙwallo ta wuce shi, ko ya kama, Allah masani.

Na share gabas, na share yamma.
Wannan na bar shi.