Ruwan Abijan

Na fito da jikka talatin ɗaure cikin leda,
abin da albasar bana ta bar mini bayan bashi,
da kaset guda a aljihun gaba,
wanda Baba ya aiko daga Abijan
shekarar da rijiyarmu ta rufta.

A layin masu kayan sauti na kasuwar Tawa
ba a jin sallama.
Wani yaro ya kama ni da hannun riga:
"Ga wannan, Alhaji, tsawonsa ya kai ƙugunka,
ka kunna nan, a taka rawa a Illela."
Fitilunsa ja da shuɗi
suna ƙifce-ƙifce kamar idon marar gaskiya.
Na ce a sa mini kaset ɗina.
Aka jona waya, aka sa.
Sai wani ƙato ya yi magana daga cikin randa,
murya mai tumbi, mai maiƙo,
har kofunan mai shayi suka hau rawa.
Na ce, wannan ba ubana ba ne.
Ubana siriri ne, har muryarsa.

Rumfa huɗu na shiga,
ubanni huɗu aka ba ni:
ɗaya mai mura, ɗaya cikin rijiya,
ɗaya yana sukar kunne kamar tsinke,
na huɗun ban tsaya ya gama gaisuwa ba.

Can bayan dukawa, inda warin fata ke tsayawa,
na iske Mantau mai gyaran rediyo,
tabarau ɗaure da zare, dalma na hayaƙi.
Bai ɗaga kai ba ya ce,
"Kada ka sayi ƙara.
Ƙara, ko jaki na bayarwa kyauta.
Ƙwanƙwasa akwatin nan."
Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙwarya.
"Bar shi, yana da tasa maganar,
zai cusa ta cikin taka.
Taɓa wancan."
Wancan ya yi gum, kamar turmi.
Tsoho ne, kusurwa ɗaya ta ɓantare,
wani ya taɓa aza masa fitilar aci-balbal.

Ya ce, "Lasifika ƴar aike ce.
Ta gari ba ta ƙara gishiri,
ba ta cin rabin saƙo a hanya.
Kuma ka saurara ƙasa-ƙasa,
maƙaryaci ne sai da ihu."

Jikka ashirin da biyu muka tsaya,
akwati biyu da ampili mai nauyin jinjiri.
Na tambayi waya mai bakin zinariya.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Waya waya ce, Nomau.
Je ka sayi gero da canjinka."

A gida na yi yadda ya ce.
Na janye su kamu biyu daga bango,
na aza kan bulo, daidai kunnen mai zaune,
na rataya bargo inda siminti ke maimaita magana.
Na jira kuran ya dawo.
Sai bayan la'asar ya dawo.

Ga shi nan.
Ga ɗan feɗuwar da giɓinsa ke yi in ya ce sannu,
ga numfashin da yake ja kafin ya ambaci kuɗi.
A bayansa kuma, wannan shuuu
da na shekara ashirin ina zagin kaset a kansa,
ashe ruwan sama ne,
ruwan Abijan bisa kwanon ɗakin haya,
ɗigo-ɗigo, har da inda yake zuba cikin bokiti.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe.
Baba ya ce, "Kuluwa, kina lahiya?"
Rariya ta tsaya.
"Lahiya lau," in ji ta,
ta gyara kallabi.