Birnin Baƙin Dutse

Jirgin ƙasa ya ajiye ni a cikin kwari.
Sai da na ɗaga kai har hulata ta faɗi
kafin in ga inda Edinbara ta tsaya.
Gida bisa gida, bisa wannan kuma wani,
kamar an ce wa magina ƙasa ta yi tsada, su nufi sama.

Ruwan nan ba sauka yake yi ba, zama yake yi.
Ba tsawa, ba hadarin da zai yi maka gargaɗi,
yayyafi ne marar zuciya
mai bin baƙo har cikin aljihu.
Kwana uku ban ga inuwata ba,
na fara zaton ta ƙi biyo ni.

Ni ɗan magini ne.
Ubana da laka ya yi aiki,
kowace damina ta ci rabonta a katangarsa,
kowane rani ya mayar mata da yaɓe.
Shi ya sa duk inda na bi sai na taɓa bango.
Wannan dutse hayaƙin kakanni ya sha ya yi baƙi,
ya jiƙe shekara ɗaruruwa bai ce uffan ba.

Ƙarfe ɗaya na rana igwa ta tashi daga ganuwa.
Na yar da jakata, na nemi maɓoya.
Ba wanda ya ko waiga.
Wani tsoho ya duba agogon hannunsa,
ya gyara shi da minti guda, ya wuce.
Garin da aka mayar da igwa mai faɗin lokaci
ya gaji da yaƙi ke nan.

A bakin titi wani ya rungumi salka mai ƙafafu
yana matsa ta tana kukan algaita.
Gwiwoyinsa a waje, sun yi ja don sanyi.
Na saka masa kwabbai, bai daina busa ba,
gira kawai ya ɗaga.

Lungunan nan sun fi hanjin kaza murɗewa.
Ka shiga ta titi, ka fito a saman rufin wani.
A ɗaya daga ciki na ƙirga matakala tamanin da bakwai,
numfashina ya ƙare kafin su ƙare.
Nan na tarar da Ishbel tana share ƙofarta,
tsohuwa mai gashi kamar sabuwar auduga.
Ta ga hannuna a bango, ta ajiye tsintsiya.
Ta ce, zo.
Ta nuna mini ƙasa-ƙasa, inda gansakuka ta rufe,
wata 'yar alama kamar sawun tsuntsu.
Ta ce wanda ya sassaƙa dutsen ne ya sa,
don a san nasa ranar biya.
Sunansa fa? Ta ɗaga kafaɗa.

Na durƙusa a jiƙaƙƙen dutse.
Ubana ma yakan danna tafinsa a yaɓen ƙarshe,
can sama inda ba mai gani.
Ruwa ya wanke nasa tun ina yaro.
Na sa yatsa a sawun tsuntsun nan,
ya shige daidai.

Ta ba ni shayi mai kauri, ba ta tambayi garinmu ba.
Ta dai ce takalmina ba na nan ba ne.

Da yamma na hau tsaunin da ke bayan gari,
iska na jan rigata kamar mai bin bashi.
Ƙarfe goma ta yi, rana ta ƙi faɗuwa,
na rasa yadda zan yi da isha'i.
Sai hazo ya taso daga teku
ya haɗiye hasumiyoyi ɗaya bayan ɗaya,
ya bar fadar kan dutse tana lilo a sarari
ba abin da ke riƙe da ita.

Gobe zan tafi.
A ƙarƙashin farcena akwai ɗan baƙin birnin nan,
ban wanke ba tukuna.