Lamba Biyu Har Gida

A gangaren Tumfure na taka birki,
ya ce mini ƙiii, kamar ƙyauren langa-langa,
bai kama ba.
Akuya ta gifta, mai rake ya saki salati,
na ja ƙafa a kan kwalta
har dunduniyar takalmi ta yi ƙauri.
Allah ya tsare ni. Takalmin bai tsira ba.

Na turo shi Jekadafari, gindin darbejiya,
inda Babayo ke zaune a kan tsohuwar taya,
baƙin mai ya ci zanen tafin hannunsa,
ko ɗan duba ba zai karanta komai ba.
Na tarar da mutum uku, kowa da majinyacinsa
an kwantar a gefe, ciki a buɗe.

Ban gama sallama ba aka fara yi mini magani.
Gidado mai kai madara ya ce waya ce ta saki,
a ɗaure noti, shi ke nan, kada a cuce ka.
Yila, ɗan Kaltungo, ya girgiza kai:
nawa ma haka ya yi ranar kasuwar Kumo,
ruwa ne ya shiga, ka bar shi a rana ya sha iska.
Wani dattijo da ban san sunansa ba
ya ce tun da aka daina kawo kayan Japan
babu birki a ƙasar nan, sai addu'a.

Na ce ba birki kaɗai ba.
Giya ma ta koyi gardama.
In na sa lamba uku sai ta tofar,
ta koma firi ana tsakiyar hawa,
inji na kuka, taya na hutu,
yara na dariya a bakin makarantarmu.
Kuloci ne, in ji Gidado.
Haƙori ne ya cinye, in ji Yila.
Japan, in ji dattijo.

Babayo bai tanka ba.
Ya ɗora bakin sukuddireba a jikin inji,
ya kafa kunne a ƙotar,
ya lumshe ido kamar mai jin raɗa ta bayan katanga.
Ya kwance noti, mai ya ɗigo a murfin gwangwani,
baƙi, da ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe.
Malam, yaushe rabonka da juye?
Na ce tun kafin azumi.
Ya ce wane azumin?
Na dubi reshen darbejiya.

Ya zare takalmin birki ya ajiye a tafina,
ya siɗe, ya yi santsi kamar sabulun ƙarshen wata.
Ya faɗi kuɗin wannan, ya faɗi kuɗin wancan.
Na laluba aljihu. Sha tara ga wata.
Albashi na can nesa, ko ƙurarsa ba a hangowa.
Ɗaya zan iya, Babayo. Wanne?

Nan fa gardama ta sake tashi.
Gidado ya ce babur ba giya ai keke ne mai shan fetur.
Babayo ya goge hannu a gwiwar wando.
Ya ce giya ita ke kai mutum,
birki ke dawo da shi.
Ya miƙa wa yaronsa sifana lamba goma.

La'asar sakaliya na hau, lamba biyu,
ba uku, ba huɗu, haka ya yi mini kashedi.
'Yan acaɓa na wuce ni suna horn da baki,
mai Keke Napep ya ce Malam, ko a tura?
Inji na gurnani kamar tsohon rago.
A hawan nan na ga wata bishiyar tsamiya
da shekara shida ina wuce ta ban sani ba,
da wata mai ƙosai a gindinta.

Na taka birki don kawai in ji.
Ya kama.
Na sayi na ɗari biyu, da yaji.