Kwalbar da Uwale Ta Kawo

Shekara talatin hannun babana yana cikin ramin jima a Majema,
toka da bagaruwa sun ci fatarsa
kamar yadda suke cin ta akuya.
In bazara ta kama sai ya yi jajur, ya kumbura,
mu kwana muna jin ƙarar susa ta bayan labule
har ladan ya yi kiran assalatu.

Uwale, ƙanwarsa mai shago a Kwari,
ta dawo daga Tailan da dilolin yadi
da wata 'yar kwalba a ƙasan jaka.
Rubutun jikinta kamar zanen lalle,
har Sagiru mai digiri ya juya ta ya ajiye.
Muka buɗe. Abu ne kore-kore mai sanyi,
shi ba mai ba, shi ba ruwa ba,
yana rawa kamar yauƙin kuɓewa.

Baba ya ce shi a Tailan shinkafa kawai ya sani,
ba zai shafa abin da bai san asalinsa ba.

Sai Kaka Ladiyo ta ce a miƙo mata.
Ta tsufa a rumfar saiwoyi a Kurmi,
ido ya tafi, hanci yana nan daram.
Ta lakato da ɗan yatsa, ta kai hanci,
ta yi shiru har shayin Uwale ya huce.

"Gangamau," ta ce. "Ga zabuwa kuma.
Akwai wani mai kama da citta,
ɗan'uwanta ne da ya tashi a wani gari.
Na huɗun..."
Ta sake shinshinawa.
"A'a. Wannan ban san shi ba."
Tunda nake ban taɓa jin bakinta ya faɗi haka ba.

Ta ce, "Tanimu, kawo hannunka.
Injin ne ya zuba shi a kwalba,
amma wadda ta fara haɗa shi tsohuwa ce,
tana da turmi, faratanta sun yi rawaya irin nawa,
kuma na rantse tana da ɗa mai susa da dare."

Ta ɗiga masa kaɗan a wuyan hannu,
ta ce a jira gobe, magani baƙo ne,
sai an ga kwanansa ake ba shi ɗaki.

Dare na uku na farka don gidan ya yi tsit.
Na leƙa: Baba ya yi ɗaiɗai a tabarma,
tafukansa a buɗe kamar mai addu'a,
yana minshari.

Ba warkewa ya yi ba, kada in yi ƙarya.
Rami na jiransa kullum da safe,
kwalbar kuma ta ƙare kafin wata ya mutu,
Uwale ba ta komawa sai bayan Sallah.

Yanzu Kaka ce ke riƙe da ita, fanko.
Ta sa an dasa zabuwa a fasasshen tulu,
tana kirɓa gangamau da yamma,
tana haɗawa, tana tsaki, tana zubarwa.
Kowace asuba sai ta buɗe murfin
ta kai hanci, ta daɗe,
tana neman sunan ganye na huɗu
kafin ƙanshin ya gama fita.