Ni da Bidi

Wata biyu taifod ta kwantar da ni,
na tashi kamar karan dawa bayan girbi.
Bagudu ya ce, "Ga Bidi can a turke,
tun da ka kwanta bai ƙoshi ba."

Ranar farko kwanon dusa ya fi ƙarfina.
Rabi ya zube, kaji suka yi biki.
Ya dube ni, ya hura hanci.

Shi da ruwan kanwa, ni da ƙwayar asibiti,
kowa da ɗacinsa.
In tsefe geza, in zauna in huta,
in tashi in cire masa kaska a kunne,
hannuna na rawa, shi ya tsaya cik.

Mako na biyar na ɗora sirdi.
Sai da na taka turmi na kai likkafa.
Muka bi bayan Dundaye zuwa bakin Rima,
ba sukuwa, ko sassarfa babu,
taku ɗai-ɗai tsakanin fadamun albasa.
Masu ban ruwa suka ɗago: "Malam, an miƙe?"

Na ce, da ƙafa huɗu na aro.

Muka komo, Inna ta miƙo fura.
Na shanye, na ce a ƙara.