Shayi Uku, Tambaya Ɗari

Bayan isha'i a Birni, in duwatsu sun huce,
Zabairu ya hura gawayi, ni na goge tabarau.
Talho ya yi kuka: Barira ce daga Karolina,
can ko la'asar ba a yi ba, nan jemagu sun fito.
"Baba, jarrabawar zama 'yar ƙasa saura kwana tara.
Ɗauko takardar da na aiko, ka ja ni."

Shekara talatin ina mushe a lakwal ɗin Zango,
ban taɓa jan ɗaliba da teku a tsakaninmu ba.

"Yankuna nawa suka bijire wa sarkin Ingila?"
"Sha uku."
"Kafin Turawa su sauka, wa ke da dajin?"
"'Yan asalin ƙasa." Kalma uku, za ta wuce.
Na ce dakata. Layi guda takarda ta ba su,
su da suka koya wa baƙo shukar masara,
baƙo ya ƙoshi, ya auna gonar da igiya,
ya nuna musu yamma,
ya sāke nuna musu yamma.

Shayin fari ya iso, ɗaci kamar tsohon bashi.
Na ba Zabairu labarin Boston,
daren da aka juye ganyen shayi a teku don ƙin haraji.
Ya ajiye buta, ya riƙe baki:
"Akwati ɗari uku da ɗoriya? Ko sukari ba su bi shi da shi ba?"

"Wane yanki aka saya a hannun Faransa?"
"Luwiziyana."
Na yi dariya har na ƙware.
Su ta sayar musu; mu ta zo mana ba ciniki,
ta hau kan dutse da bindiga,
daga baya ta naɗe babban birni ta kai Yamai.
An ce har da rashin ruwa.
Ruwan kam, har gobe ɗan garuwa muke jira.

"Me ya jawo yaƙin basasa?"
"Bauta."
Shiru ya yi tsawo, ta ɗauka layi ne ya yanke.
Ni kuwa ina ganin jirgin da ya tsaya a Bajiniya
da mutum ashirin da 'yan kai,
auduga fara sol, gadon baya jawur,
Kudu da Arewa shekara huɗu suna haƙa kabari.
Na buɗe baki zan tsine,
sai na tuna kakata ta taɓa nuna mini da haɓa
inda ake tsayar da mutane a garin nan
a duba haƙoransu kafin ayari ya nufi Tarabulus.
Na haɗiye tsinuwar da shayi na biyu.

Sauran ta zuba su kamar tilawa:
ranar da mata suka kama ƙuri'a,
shekarar da kasuwa ta faɗi, magidanta suka yi layin miya,
yaƙin duniya, da wanda ya biyo shi,
baƙaƙen da suka ƙi hawa bas shekara guda da kwanaki,
suka taka da ƙafa har doka ta sunkuya,
sawun mutum a kan wata,
benaye biyu da suka koma toka da hantsi.

"Taurari nawa ne a tuta?"
"Hamsin."
Daidai nan wuta ta ɗauke. Na ɗaga kai.
Na Damagaram ba wanda ya taɓa ƙirga su.

Na kife takarda a kan tabarma.
"Saura ɗaya. Ranar da kika ɗaga hannu kika rantse,
auduga da bulala da watan duka sun zama gadonki.
Namu fa, wa kika bar wa?"

A bayanta jikana yana neman wani abu
da harshen da ban iya ba.
Ta ce, "Baba, wannan ba ta cikin ɗarin."
Na ce na sani.

Zabairu ya miƙo na uku, mai zaƙin.
Yana hannuna har ya huce.