Jirgin Talata

A filin jirginmu na Suceava
allon tashi bai kai tsawon hannuna ba.
Layi huɗu: Landan, Milan, Roma,
na huɗun Bukares, shi kuwa ba ƙetare ba.

Tsohuwa Zamfira ta ajiye ambulan gabana,
kuɗin maraƙi ne, an ɗaure da zare.
'Yarta Ilinca ta haihu a Turin.
"Yaro, wanne zai kai ni?"

Na ce akwai na Talata, da asubar fari,
ya sauke ki Milan, ki ƙarasa a jirgin ƙasa.
Na Juma'a ya fi araha,
sai dai ki kwana kan benci a Bukares.

Ta ƙirga da yatsu masu kaushi.
Ran Juma'a maƙwabcinta Anghel na asibiti,
wa zai tatsar mata saniya?
Ta ce cuku fa, kilo shida?
Zuma kwalba biyu?
Na faɗi kuɗin kaya. Ta riƙe haɓa,
ta ce ashe cukun ya kusa kamo ta tsada.

Talata ta zo.
Dusar ƙanƙara ta riga jirgi sauka,
allo ya yi ja.

Ba ta yi kuka ba. Ta kwance ƙunshi,
ta gutsura wa mutum goma sha ɗaya,
kowa da nasa a Italiya.
Ta miƙo mini nawa ta ƙasan gilashi.
"Bencin nan na Bukares,
zai ɗauke ni da jakata?"